Gammon Wuta

Shagona na nan Ƙofar Ruwa,
tsakanin mai rodi da mai kwancen injuna.
Shekara talatin da ɗaya ina naɗin waya.
Fanka, injin markaɗe, famfon rijiya,
duk abin da ya ƙone ya yi shiru, ni ake kawo wa.

Kubura ta zo bayan la'asar,
ta ture gwangwanin giris daga kan benci,
ta buɗe kwamfuta.
Baba, duba.

Gammo na gani. Gammon wuta, shuɗi da ja,
yana juyi cikin tukunyar ƙarfe, bai taɓa bango ba.
Ta ce sunansa filasma, ya fi cikin rana zafi,
maganaɗisu ke riƙe da shi
yadda kunya ke riƙe suruki a gefen tabarma.

Na ce, in ya kuɓuce fa?

Nan ne karatuna, in ji ta.
Ƙiftawar ido ma ta yi tsawo.
Zafin ya zube, gammon ya huce,
amma wutar da ke zagaya cikinsa ta ƙi mutuwa,
sai ta ɗora kayanta kan 'yan ƙwayoyin lantarki.
Mai tafiya a hankali ba ya nisa,
ya ci karo da wannan, ya gaisa da wancan.
Mai gudu kuwa,
gwargwadon saurinsa, gwargwadon rashin mai tare shi.
Ya bangaje ɗaya, ɗayan ya zabura,
biyu su koma huɗu, huɗu su koma gayya,
kafin ka ce kwabo sun zama mashi guda,
su soki bango, ƙarfe ya narke kamar kakide.

Na yi shiru. Na taɓa ganin irinsa.
Sa ya tsinke igiya a hanyar Abbatuwa,
mutum uku kaɗai suka gan shi,
amma har bakin Fagge ana gudu,
kowa na gudun gudun wani.

To me kuke yi musu?

Ta nuna Sabitu, yarona,
yana farfasa ƙanƙara cikin buhu don zoɓon yamma.
Kusan haka, ta ce.
A daskarar da iska ta zama dunƙule,
a harba, ta tarwatse a bakin ƙofa,
ɓarɓashin ya cika hanya da jama'a.
Wa ya taɓa gudu a Ƙofar Wambai ranar jajiberi?

Akwai kuma waya, ta ce, tana kallona.
Murɗaɗɗiya, an kwantar da ita jikin bango,
ba makunni, ba mai gadi.
Rushewar da kanta ke tayar da ita,
ta yamutsa layukan maganaɗisu,
masu gudun su zurare kaɗan-kaɗan
tun ƙafarsu ba ta yi zafi ba.

Nan na gyara zama.
Wayar da ke shan wuta daga maƙwabciya ba a jona su ba,
wannan ai gidanmu ne.
Na ce, naɗi nawa?
Ta yi dariya har ɗankwali ya zame.
Ɗaya, Baba. Lanƙwasar ce aikin.

Sai aka ɗauke wuta.
Fankar da na gyara da safe ta ci gaba da juyi,
ta ci gaba,
kamar ba a faɗa mata ba.

Wata mai zuwa za ta tafi,
ƙasar da tukunyar take, ban iya faɗin sunan garin ba.
Tun tana rarrafe cikin ɓawon waya na lura
ba irin da ake tarewa ba ce.
Uwarta na so in yi magana. Ban yi ba.

Da ta wuce, na ari gammon mai kunu,
na yanko jan ƙarfe kamu biyu,
na zauna ina lanƙwasawa,
ina warwarewa,
har aka kira magariba.